Ranar da Na Shanya Saƙon Mutanen Adjamé

Ba zan taɓa mantawa da ranar da matan Adjamé suka iske ni tsugune a wani tsakar gida na Treichville ba, ko riga babu a jikina, alhali kowa ya san ina can Ƙonni na miƙe ƙafa ina shan fura. Shekaru sun wuce, da yawa cikin matan ma sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na tuna sai in ji ƙeyata ta ɗau zafi.

Ni mutumin Ƙonni ne, kuma cikin shekara talatin da ɗoriya da na yi ina sana'ar goro a ƙasar kurmi ban bar kowa ya manta da haka ba. Ina da rumfa a kasuwar Adjamé cikin Abidjan da ɗaki guda a gidan haya. Matata Hadiza ta rasu, ba ta bar mini ɗa a raye ba. Abin da ya rage mini shi ne baki, kuma ban yi masa rowa ba. In aka kawo nama, sai in ce wannan ai ba nama ba ne, ku je Ƙonni ku ga nama. In ruwa ya wuni yana zuba, sai in ce ƙasar da ba ta san rana ba ai ba wurin zaman tsoho ba ce. In aka miƙo mini aceke, garin rogon nan da mutanen ƙasar ke turarawa, sai in taɓe baki in ce abincin kaji (sannan in cinye shi tas, har in suɗe kwanon). Kullum zancena guda ne: ni ba nan zan tsufa ba, ranar da na ajiye sana'a sai gida.

To, sai gwiwa ta ajiye mini sana'ar. Ana tsakiyar yaƙin Jamus, kasuwa ta mutu, yadi da sabulu da sukari sun zama sai wane da wane, ni kuma tsugunon tsintar goro ya fara gagarata. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a zauren Malam Sanda, aminina, mutumin Tawa mai karantar da yara, wanda ba ya magana sai ta kama. Sai wani mahauci ya tsokane ni, wai tun yana ɗaukar tire yake jin zan koma gida, ga shi har ya yi furfura. Aka yi dariya. Ni kuwa na buga ƙirji na ce kafin damina ta kankama zan tafi, tafiyar da babu dawowa. Da a ɗakina na faɗa wa bango, da ba komai. A gaban rabin Hausawan Adjamé na faɗa.

Mu a nan, in mutum zai koma gida gaba ɗaya, ba sallamar “sai wata rana” ake yi masa ba. Kusan sallamar mutuwa ce, don an san ba lallai a sake ganawa ba. Na bi gida-gida ina neman yafiya, ana yafe mini ina yafewa. Aka haɗa hannu aka yanka rago, Malam Sanda ya ja addu'a mai tsawo, mutane suka yi kuka, har da waɗanda na tabbata ba su taɓa ƙaunata ba. Daɗin abin ya ɗebe ni, na tashi tsaye na yi wa samari nasiha kada su bari kurmi ya haɗiye su kamar yadda ya haɗiye iyayensu (iyayen nasu kuwa suna zaune suna jina). Rumfa na bar wa ƙanin Hadiza, ɗaki na mayar wa mai gida, gado da tukunya na kyautar.

Sai kuma saƙo. Wanda bai yi zaman baƙunta ba bai san nauyin wannan abu ba. Mai zuwa gida shi ne jakin kowa, kuma ba a ƙin karɓa. Wannan ya kawo goro a kai wa tsohonsa a Madawa, wancan ya kawo sabulu da turare na ƙanwarsa a Illela, wata ta ƙulle sukari cikin tsumma ta ce na jikokinta ne. Kowane ƙunshi da irin ɗaurinsa, kowane da maganar bakin da za ka haddace ka isar. Ba a ba wa kowa saƙo sai wanda aka yarda da amanarsa, shi ya sa da na ga kaya sun taru sun kusa kai mini ƙirji, sai na ji kaina ya ƙara girma. Ta ƙarshe da ta zo ita ce Gwaggo Mariyama mai tuwo, mace mai kaifin harshe da duk unguwa ke shakka. Ta kawo zane biyu sababbi masu ruwan bula, waɗanda Allah kaɗai ya san yadda ta same su a wannan lokaci, ta ce na ɗiyarta ne da ke da cikin fari a Ƙonni, in tabbata sun isa kafin haihuwa don ta sami na goyo. Na ce mata ta ɗauka sun isa.

Ranar tafiya aka raka ni tashar jirgi, lagar in ji mutanen nan, kamar ana rakiyar mai zuwa Makka. Shirin shi ne jirgi ya kai ni Bobo, daga can in bi motar nan mai aiki da gawayi har Yamai, sauran hanya kuma Allah ya kawo. Jirgi ya ja, na fito da hannu ta taga ina ɗagawa, Malam Sanda na tsaye can baya bai ɗaga ba, kallona kawai yake yi.

Cikin taragon na haɗu da wani magidanci mai fataucin shanu, ya sayar da dabbobinsa zai koma arewa. Da ya ce shi ɗan Ƙonni ne, saura kaɗan in rungume shi. Na fara jero masa sunaye. Na ambaci mahaifina, bai san shi ba. Na ambaci unguwarmu da kukar da ke ƙofar gidanmu, ya yi tunani ya ce kukar dai ya sani, amma gida babu, nan ne ake ɗaure jakuna ranar kasuwa. Daga nan, ba da wata mugunta ba, ya yi mini tambayar da kowane matafiyi ke yi wa ɗan'uwansa.

“To Baba, wurin wa za ka sabka?”

Na buɗe baki zan ce wurin ƙanena Abdu, sai na tuna shekarar yunwa aka yi mini ta'aziyyarsa a rumfata. Zan ce wurin yayata, na tuna ita ma na yi mata sadaka a Adjamé. Kawuna, abokin kaciyata, limamin unguwa, duk haka. Ba wai ban sani ba ne. Kowane rasuwarsa ta zo mini daban, na yi kuka na share ido na koma tsintar goro, ban taɓa zama na haɗa su wuri guda ba sai a kan wannan bencin katako. 'Ya'yansu kuwa ko fuskata ba su sani ba. Mutumin ya ga na yi shiru, sai tausayi ya kama shi, ya ce kada in damu, in sauka gidansu, mahaifinsa mutum ne mai son baƙi. Ya ƙara da cewa Hausata ma ta yi kyau ga wanda ya daɗe cikin Julawan kurmi.

Baƙo. A Ƙonni. Na ji wani irin tsoro da ban taɓa ji ba ko lokacin da nake saurayi ina ratsa daji da kaya a kai. Da jirgi ya tsaya Agboville na ce masa cikina ne ya ɗaure, ba zan iya ci gaba ba. Bawan Allah ya dinga miƙo mini ƙunshin mutane ta taga ɗaya bayan ɗaya, yana yi mini sannu. Tafiyar da babu dawowa ke nan, ko azahar ba ta kai ba.

Na hau jirgin da ke gangarowa. Da muka zo daidai Adjamé na sunkuya ƙarƙashin taga kamar ina neman takalmi, ban ɗago ba sai da muka shiga lagar. Komawa unguwa ba ta ko zo mini a rai ba. Da wane ido zan kalli mutanen da suka yanka mini rago? Sai na sa masu dako suka ɗauki kayan muka tsallaka gadar nan mai iyo a kan ruwa zuwa Treichville, na nemi lungun da babu ƙamshin Bahaushe, na kama ɗaki a gidan wani dattijo Bajula. Ya zama jatigina, wato mai masaukina, na gaya masa ni falke ne mai jiran abokan tafiya.

Dabarata ita ce in ɗan huta, in zuciya ta dawo in sake hawa jirgi ba tare da kowa ya sani ba. In ta ƙi dawowa kuma, in sami wani mai zuwa arewa in ɗora masa saƙon. Zuciyar ba ta dawo ba. Mai zuwa arewa kuwa dole Bahaushe ne ko Bazabarme, kuma babu ɗayansu a Abidjan da bai taɓa tauna gorona ba. Haka na zauna ina cewa jirgin mako mai zuwa, har damina ta sauka da ƙarfinta. Ba na fita sai da rawani har hanci. Juma'a a ɗaki nake sallarta azahar, ni da ban taɓa barin sahun gaba ba. Da yamma in ruwa ya ɗan tsagaita nakan tsaya bayan gida in hango hayaƙin girki can ƙetaren ruwa, in ce wancan na wajenmu ne, in koma ciki in zauna tsakanin kayan mutane. Ban taɓa sanin kewa irin wannan ba, kuma abin takaicin shi ne ba ta Ƙonni ba ce.

Daminar Abidjan ba ta san amana ba. Ɗakin ya fara warin danshi. Na kwance ƙunshi guda na ga funfuna ta yi tsanwa a gefen zane, tururuwa ta gano sukarin jikoki, sabulu ya fara gumi, goron da ke cikin huhu kuma ganyensa ya ruɓe, sankara ta fara shiga. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Tsoron tafiya daban, amma a ce kayan da aka damƙa mini sun lalace a hannuna, ni mai goro, wannan ba zan iya ɗauka ba. Na yi ta roƙon Allah ya kawo rana.

Ya kuwa kawo ta. Wata safiya gari ya waye tangararan, na ce yau ne. Na san an yi haihuwa a gidan, matar ɗan jatigina ce, kuma da asuba na ji maza sun taru an raɗa suna. Amma duk Julanci na ji ana yi, mai jegon ma ban taɓa jin ta yi wani yare ba, don haka na ce sha'aninsu ne, ba ruwana. (Ashe uwarta Bahaushiya ce, kuma a Adjamé ta zauna kafin ta rasu. Gidan da na zaɓa ke nan cikin duk gidajen Treichville.) Maza na watsewa na ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan a gefen ɗakina, na kwance saƙon nan kaf. Zannuwa a igiya, sabulu a jere kan tabarma, kwalaben turare a gefe, sukari a faifai. Na tuɓe riga saboda zafi, na tsuguna da gwiwar tawa mai ciwo ina tsintar goro ina yayyafa masa ruwa. In gaya muku gaskiya, ranar ce na fara jin daɗi tun saukata daga jirgi, har ina ɗan waƙa.

Da hantsi na ji guɗa a ƙofar gida. Na ji sallama da Hausa, Hausar ma irin tamu. Kafin ƙwaƙwalwata ta gama fahimta, ga mata sun shigo a jere da kwanoni a kai, Gwaggo Mariyama ce a gaba. Gudu ba na gwiwata ba ne. Abin da na iya kawai shi ne na ja jiki na laɓe bayan zanen da ya fi kusa, na manta cewa zane a igiya ba ya kaiwa ƙasa, kuma na manta na wa ne.

Na ji takunta ya tsaya. Na ga yatsunta sun kama bakin zanen suna murzawa. Ta ce wa ta bayanta, a hankali, wanga zane ai ta san shi, har da inda ta ƙulle shi da baƙin zare. Sai ta ɗage shi. Muka kalli juna, ita da kwanon tuwo a kai, ni da goro a hannu biyu da tumbi a waje. Na zaci za ta yi ihu ko ta zage ni, kuma da hakan ya fi mini sauƙi. Sai ta sauke kwanon, ta gyara mayafi, ta ɗan russuna kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo daga gida.

“Sannu da zuwa, Mai Goro. An zo lahiya? Ya hanya? Ya mutanen Ƙonni?”

Ni kuma bakin nan nawa, wanda ya saba amsa gaisuwa tun kafin a haifi rabinsu, ya buɗe da kansa ba da izinina ba.

“Suna lahiya. Suna gaishe ku.”

Wata ta fashe da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowacce ta fara gane nata. Wannan ta ɗaga sabulunta, waccan ta tsuguna kan faifan sukari tana kallon tururuwa. Sai na ji wata can baya ta ce ashe butiki, wato kanti, ya buɗe da kayan mutane. Wannan kalma ta fi mari zafi. Ban taɓa tunanin yadda abin zai kasance a idon mai shigowa ba: kaya a baje, a jere, mai su yana zaune a tsakiya kamar ranar kasuwa. Na so in rantse ko ƙwayar goro ɗaya ban taɓa ba, amma in na ce ba sayarwa nake yi ba, dole in faɗi abin da nake yi, shi kuma ya ƙi fitowa. Gwaggo Mariyama ta cire zannuwanta daga igiya tana ninkewa. Ta ce labari ya zo da wani mai shanu, ɗiyarta ta haihu, kuma ita tana nan tana gaya wa mutane jikanta na goye cikin sabon zane. Hawaye na gani a idonta, ni da ban taɓa zaton tana da su ba.

Aka aika a kira Malam Sanda. Zaman jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Bikin suna ya ci gaba a ɗaya gefen, ana kiɗa ana rabon abinci, jatigina ya rasa gane abin da ke faruwa sai ya aiko mini da shinkafa. Na sa riga a bai-bai ban lura ba, babu kuma wadda ta gaya mini. Bayan la'asar Malam ya iso da dattawa kaɗan, har da mahaucin nan da ya tsokane ni. Ya dubi igiya, ya dubi tabarma, ya dubi goron da na ware mai kyau daga mai sankara, sannan ya zauna kusa da ni ya ce in faɗa. Na sunkuyar da kai na ce a Agboville na sauka. Ya ce don mi. Na ce masa:

“Malam, ba ni da wurin sabka.”

Mahaucin da na tabbata zai kwashe da dariya sai ya juya yana kallon bango. Wadda ta yi zancen butiki ta fara tattara kwalaben turare. Babu wanda ya tambaye ni ƙarin bayani, kuma wannan shirun ya fi dariyarsu ƙona ni, don ya nuna mini kowa ya gane da wuri, da wuri ƙwarai.

Aka ɗaure kaya. Mutanen da suka ɗauke su zuwa lagar suna kuka, su ne suka sake ɗaukar su a kai muka nufi gada, ni a tsakiya kamar ɓarawon da aka kamo, riga har yanzu a bai-bai. Gadar na lilo a ƙarƙashinmu, masu wucewa na tambaya ko amarya ake kaiwa. Malam Sanda ya rage tafiya saboda gwiwata, har sauran suka yi mana nisa. Muna tsakiyar ruwa ya yi magana, idonsa na gaba, bai kalle ni ba.

“Kai har ka kai Agboville. Ni sau nawa ina zuwa lagar da kayana, ban taɓa iya taka jirgin ba. Kana tsammanin don mi duk muke ba da saƙo?”

Haka muka ƙarasa hanya.

Rumfa ba ta dawo ba, kyauta ce, ba a amsar ta. Ɗakina wani ya shiga. Malam ya shimfiɗa mini tabarma a kusurwar zaurensa, kuma nan nake har yau. Saƙon an mayar wa masu shi, wasu sun sami wani matafiyin, sukarin jikoki kuwa tururuwa ta riga ta gama da shi. Gwaggo Mariyama ta daɗe ba ta amsa gaisuwata, da na aika a ba ta haƙuri sai ta ce yafiyar da ta yi mini ta mai tafiya ce, mai dawowa sai ya sake nema. Na nema, ta yafe daga baya, amma har ta rasu ba ta sake kirana Mai Goro ba, sai Ɗan Agboville, kuma sunan ya bi ni. Yanzu in wani zai tafi arewa, nakan ga mata na wucewa ta ƙofar zaure da ƙunshinsu a hammata, su gaishe ni da kyau su wuce.

Abin da na koya bai da yawa, kuma na koye shi a makare. Kafin ka yi sallama da masu rai, zauna kai kaɗai ka tuna wa zai fito ya tarbe ka can. In ka duba ka ga babu, kada ka ɗaure kaya, kada ka bari a yanka maka rago. Ka ci acekenka, in an tambaye ka yaushe za ka gida ka ce baɗi in Allah ya yarda, kamar yadda masu hankali ke yi.